Lissafin Kankuben

Na zo fakon Kac da sikeli a jaka,
da littafi mai gida-gida, da jan alƙalami.
Babur ya sauke ni inda ƙasa ta ƙare,
fari ya fara.
Ba itace, ba rijiya, ba inuwar aro,
sai kawalwalniya na rantse wa ido
wai ga tafki can gaba.

Kankuben na tsaye cikin komin gishiri,
ruwan zartsi har idon sawu,
tana jan manjagara tun rana ba ta buɗe ido ba.
Na ce, "Inna, jiya me kika ci?"
Ta yi dariya da sauran haƙoranta:
"Abin da na ci shekaranjiya."

Duk da haka na rubuta.
Gurasar gero biyu, na ɗora a sikeli.
Dakakken barkono da tafarnuwa, cokali guda.
Baƙin shayi sau uku, mazarƙwaila kamar kan yatsa.
Dankali, ran da ya samu.
Madara? Saniya ba ta kiwo a kan gishiri.
Ganye? Ta waiga gabas, ta waiga yamma,
ta ce in na ga kore in nuna mata.

Na ja fatar idonta ƙasa.
Inda ja ya kamata ya zauna
fari ne, ɗan'uwan filin nan.
Farcenta ya lotsa kamar cokali.

Ruwa fa?
Ta kai ni gindin shuɗin duro a bayan bukka.
Tanka na zuwa duk kwana ashirin,
in taya ba ta kafe a laka ba.
Baki biyar ke kan duron nan, ban da tukunya.
Moɗa huɗu take sha a wuni.
Na auna moɗar: lita ɗaya da rabi ba ta cika ba,
ga gumi ya zana mata taswira a bayan riga.

Da dare na kunna aci-balbal, na ja layi biyu:
nan bashin da jiki ke bi,
nan abin da aka biya shi.
Ƙarfen jini, ko rabi bai kai ba.
Allin ƙashi, ɗaya cikin uku.
Aidin kuwa, a nan alƙalamina ya tsaya:
gishirin da ta tara shekara arba'in
sai ya je birni ake zuba masa,
ya dawo cikin leda da kuɗin da ba ta riƙe.
Nata ɗanye take barbaɗawa,
wuyanta ya soma ba da labari.
Gida ɗaya ne ya cika har ya tumbatsa a littafin,
gidan gishiri.

Da safe na ce, "Inna, ki ƙara shan ruwa."
Maganar ta fito da takalmin ofis.
Ba ta ce uffan ba.
Ta ƙwanƙwasa duro, ya amsa da muryar rabi,
ta nuna min jikinsa:
zane ashirin da aka karta da ƙusa,
kowane zane kwana guda.
Ashe na iske malama a fagen awo.

"Moɗata ta biyar tana wurin Lila," in ji ta,
"wata bakwai gare ta, mutum biyu take shayarwa.
Ta shida Dhiru ke ɗauka, yaro bai san gobe ba.
Ke mai boko, raba min in gani."

Na raba. Na sake rabawa.
Ƙwayar ƙarfe na da ita, na ƙirga mata talatin,
na bar ledar gishirin birni guda.
Ruwa ne ba ya shiga jaka.

Da zan tafi ta cika moɗa fal,
ta miƙo min da hannu biyu,
don baƙo ba ya barin ƙofarta da busasshen maƙogwaro.
Na san zanen da ta fito,
na san wanda zai kwana bai sha ba.
Na kurɓi rabi, na mayar.
Ta harare ni har na shanye.

Yanzu ga ni a ofis, fanka na juyawa,
takardar na neman adadi a kowane gida.
Na duba sama, na duba ƙasa,
ban ga inda ake rubuta moɗar nan ba.